Tallar Rigar Ruwa a Shekarar da Kogi Ya Zama Tafki

Kun taso kun tarar ni da kawunku Garba muna gaisawa kamar maƙwabtan da suka taɓa zuwa gaban alƙali. Kun tambaya, an ba ku amsoshi iri-iri, kuma na san wadda ta fi yawo a dangi ita ce wai na yi tallar kaya da mutuwar ƙanwata. Ba zan ce maganar ba ta da tushe ba. Amma masu faɗinta ba su ga takardar ba, da yawansu ma ba a haife su ba a lokacin. Ni na rubuta ta, don haka bari in faɗa muku yadda aka yi tun idona yana ganin layi.

A shekarar da aka datse kogi a Kainji na gama sakandare, na dawo Yelwa ina jiran a kira ni aikin koyarwa. Babanmu ya riga ya rasu. A gida akwai Inna, da Yaya Garba da matarsa Hajo, da ni, da autarmu Rakiya, wadda a lokacin ko ɗaurin zani ba ta gama ƙwarewa ba. Yaya ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce “mai jirgi”. A wurin dangin Inna, Sarkawa, ya koyi ruwa, yana da kwalekwale na fito wanda ya ɗaura wa ɗan inji, da shi yake ciyar da mu. Ya san kogin nan dutse-dutse. To amma kogin da ya sani shi ne ya tafi. Ruwan bai zo kamar ambaliya ba, a hankali ya riƙa hawowa, yau ya ci gona, gobe ya ci hanya, har tsibirai suka nutse, aka kwashe mutanensu zuwa sababbin ƙauyuka. Itatuwan da ke gonakin ba a sare su duka ba. Suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, ba mai ganinsu.

Ranar da abin ya faru mun je suna ne a wani sabon ƙauye wajen Ngaski, inda aka mai da wasu ’yan’uwan Inna. Da za mu dawo bayan azahar iska ta taso, ruwan ya fara yin tudu-tudu irin wanda kogi bai taɓa yi ba. Yaya ya yanke ya nufi gaɓa ta gajeriyar hanya. Wurin da ya bi a da hanyar ƙafa ce, akwai ɗorawa a bakinta da muke hutawa a inuwarta in za mu ƙauye. Kan ɗorawar nan gindin jirgin ya hau, ya kife da mu. Ban iya ruwa ba, makarantar kwana ta ɗauke ni tun kafin in koya. Wata gora irin ta masunta ta taso kusa da ni, na rungume ta da hannun hagu, na kama zanin Rakiya da na dama. Igiyar ruwa ta juya gorar, na juya da ita, da na ɗago sai na ga zanin yana hannuna, ita ba ta ciki. Yaya ya fitar da sauran mutane, ya yi ta nutso har jini ya fito masa ta hanci. Washegari aka same ta.

Bayan sadakar bakwai Yaya ya koma ruwa, don ba mu da wani abincin sai can. Ni kuwa ban ƙara zuwa ko kusa da tashar jirage ba. In ana zuba ruwa a randa sai in tashi daga wurin, kuma har yau haka nake, kun sha gani kuna zaton tsufa ne. Kullum da safe ina jin ƙarar injinsa daga ɗaka, in yi ta kasa kunne har sai na ji sallamarsa da la’asar. Abin da nake tsoro ɗaya ne, ruwan da ya ɗauki Rakiya ya ɗauke shi.

Ana cikin haka Kawu Ɗanjuma, ƙanin Inna, mai rumfar taru da ƙugiya da igiya a kasuwa, ya dawo daga gwanjon kayan da masu aikin dam suka bari. Ya sayo tulin rigunan ruwa, irin waɗanda leburori suke sawa in suna aiki a kan ruwa, masu launin ruwan goro mai haske, masu kauri kamar an ɗinka matashin kai gaba da baya. Ya rataye su a rumfa, suka yi ta shan rana ba mai tayawa. Wata rana ya shigo gida ya same ni a ɗaka.

“Ke ’yar boko, zaman ɗakan ga ya isa haka. Tashi ki rubuta mini abin da za shi sa su saye. Mi anka kai ki makaranta ki yi?”

Inna ta ce, “Bi shi. Ko ba ki rubuta komai ba kin ga mutane.”

Takardar farko na rubuta ta da irin Hausar da muka taso muna ji a rediyo tun bikin ’yancin kai. Na ce ci gaba ya iso ƙasarmu, na ce duk mai son tafiya da zamani ya zo ya mallaki rigar da injiniyoyi suke sawa, na ce an gwada ta a ƙasashen waje. Na ji daɗinta ƙwarai. Wani mai tafireta a bakin kasuwa ya buga mana ita, wani malami ya kwafe da ajami, Kawu ya manna a rumfa, ya kuma ba Na’Allah mai shela ya bi tashar jirage yana karantawa da ganga. Ina zaune a bayan rumfa ina jin abin da ke dawowa.

“Ɗanjuma, Basarke da rigar ruwa? To ka ware wa kifi tashi.”

“In kada ya taho, ita za ta yi mishi bayani da Turanci?”

“Wanda kwananshi ya ƙare, ko katifa ya ɗaura tahiya za shi yi.”

Kawu yana dariya tare da su, in sun tafi ya zauna ya yi tagumi. Ni kuma ba cinikinsa ne ya dame ni ba. Na ɗauki ɗaya na kai gida, na ajiye wa Yaya a kan tabarmarsa. Ya dube ta, bai taɓa ba.

“Mai da mishi abinshi.”

“Yaya, ko a ƙarƙashin riga ce ka sa.”

“Malama ƙarama,” haka yake kirana tun ina firamare, “in na sa wagga, duk tasha za su ce Garba ya tsorata tun ranar nan. Wa za shi shiga jirgin matsoraci? Mai da ta.”

Na mayar. Daga nan na daina rubutu, na koma zama a rumfa kawai, don Inna ba ta yarda in koma ɗaka ba. A zaman nan na lura da abin da ban lura da shi ba a da. Maza su ne masu ba’a, amma ba sa taɓa rigar. Mata su ne masu taɓawa. Masu kawo bandar kifi da albasa daga tsallake, in sun gama ciniki, sai su ratso ta gaban rumfa kamar igiya suka zo saye, su matsa rigar da yatsa, su shinshina, su wuce. Wata ta tambayi abin da ke ciki, Kawu bai sani ba, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin guda. Audugar rimi ce, irin wadda kowace tsohuwa take cusa wa matashi. Matan suka yi ta dariya, wai ashe abin Turawan nan rimi ne. Wata Bagungiya mai goyo, daga mutanen tsibiran da aka kwashe, Hausarta a karkace, ta tsaya bayan sun watse ta tambaye ni a hankali.

“In na sa, ina iya riƙe yaro?”

Na ce mata tana iyawa, da hannu biyu ma. Da na faɗi haka sai na shiga bayan rumfa na zauna a ƙasa har ta tafi. Takardata ta yi maganar injiniyoyi da ƙasashen waje, ba ta amsa wannan tambayar ba, alhali a duk kasuwar ba wanda ya san amsarta kamar ni.

Abu na biyu kuma hula ce. Uwar Hajo, Gwaggo Dije, mai bandar kifi ce, mace mai baki, kowa yana shakkarta. Ta taɓa kawo wa Yaya tsarabar wata koriyar hula da ta yi masa kaɗan, tana zama a tsakiyar kansa kamar murfin tulu. Abokansa sun yi masa dariya rana ɗaya, ya ce surukarsa ce ta ba shi, maganar ta mutu a nan, don kowannensu yana da suruka. Ya yi ta sa hular har ta koɗe. Wata rana ina zaune a rumfa na hango shi ya zo wucewa ta layin masu kifi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa yana gaishe ta, kansa a ƙasa, hular nan a kai. A nan na gane kuskurena. Na yi ta magana da mutumin da ba zai iya saye ba ko yana so. Namiji a tashar nan ba zai je da ƙafarsa ya sayi abin da zai ce yana tsoron ruwa ba. Amma ba zai iya mayar wa surukarsa kyauta ba, kuma ba wanda zai zarge shi don ya sa.

Na sake rubuta takardar. Har yanzu ina iya kawo ta da ka.

“Zuwa ga iyaye mata masu ’ya’ya a tsallake, da masu surukai a kan ruwa. Ruwan nan ba kogin da muka sani ba ne. Akwai itatuwa a tsaye a ƙarƙashinsa, wanda ya fi kowa sanin kogi ma ba ya ganinsu. Ni mai wannan magana jirgi ya kife da ni bana. Gora ce ta riƙe ni, amma gora tana cin hannu ɗaya, da ɗayan na riƙe yarinya, bai isa ba. Rigar nan audugar rimi ce a ciki, ku zo ku taɓa. Ba ta hana ajali, ba abin da ke hana shi. Abin da take yi shi ne ta ɗaga ki sama ta bar miki hannuwanki biyu. Surukinki ba zai saya wa kansa ba, kin san dalili. Ke ki saya ki ba shi. Tana rumfar Ɗanjuma mai taru.”

Inna na fara karanta wa, tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba har na gama.

“Kin sa sunanta?”

“A’a.”

“Kin sa na mai jirgi?”

“Ban sa ba.”

“Garin ga ba shi buƙatar suna.”

“To in bari, Inna?”

Ta daɗe tana juya shinkafar a faifai. “Ni ban ce ki bari ba. Na riga na rufe ɗiya ɗaya.”

Kawu shi ya fi ja. Ya ce wannan ba talla ba ce, zaman makoki ne. Ya ce a cire inda na ce ba ta hana ajali, don ba a taɓa ganin mai kaya yana rage wa kayansa daraja ba. Na ce in an cire wannan layin malamai za su tsine wa takardar, matan kuma za su san ƙarya muke yi. Ya ce to maganar jirgin fa, Garba ya sani? Na ce bai sani ba, kuma in na tambaye shi zai hana. Na san abin da nake yi, ba a ruɗe na yi ba. Na auna fushinsa da gawarsa, na zaɓi fushin.

A wannan karon na ce wa Na’Allah ya ajiye ganga, kada kuma ya je tashar jirage, ya tsaya a layin mata masu kifi da albasa ya karanta da muryar magana. Ya ce shi bai saba shela kamar mai gulma ba, amma ya yi. Ina tsaye nesa kaɗan. Da ya kai wurin hannu ɗaya sai wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar ba a sayi ko ɗaya ba. Kasuwa ta gaba aka fara zuwa, ɗaya-ɗaya, kowace ta naɗe tata cikin zani kamar kayan kunya.

Kafin nan maganar ta riga ta isa tasha. Yaya ya shigo da la’asar bai yi sallama ba, ya tsaya a tsakar gida.

“Kin kai ni kasuwa.”

“Ban kira sunanka ba, Yaya.”

“Jirgi nawa ya hau ɗorawa bana? Yau wani ya tambaye ni ko nawa Ɗanjuma ka ba ni a kan kowace riga.” Ya juya wajen Inna. “Da saninki anka yi?”

Inna ta ce, “Da sanina.”

Ya juya ya shige ɗakinsa. Ina so ku san cewa yana da gaskiyarsa. Abin da mutane suka fara mantawa ni na tayar da shi. Fasinjoji suka riƙa tsallake jirginsa suna shiga na wasu, wurin nan kuma aka laƙaba masa ɗorawar Garba, har yau tsofaffin masu fito haka suke kiransa. Daminar nan tuwonmu ya ragu, kowa a gidan ya san dalili, ba mai faɗi. Daga ranar bai sake ce mini Malama ƙarama ba. In dole ta kama sai ya ce wa Hajo, “Gaya mata.”

Gwaggo Dije ba ta naɗe tata cikin zani ba. Ta zo rumfa ta zaɓa, ta ja ɗinkin ta ga ƙarfinsa, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke kika rubuta abin ga?”

“Ni ce, Gwaggo.”

“Kin iya sa mutum kuka a bakin sana’a tai. Allah shi shirye ki.”

Ta ɗora rigar a ka ta nufi tasha da rana tsaka, lokacin da jirage suka cika. Ban je ba, Hajo ce ta ba ni labari, ita ma a bakin mutane ta ji. Gwaggo ta aika a kira Yaya, ya zo ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

“Ɗan nan, ga wagga. Ɗiyata na da ciki, ni kuwa na tsufa da renon maraya. Kullum in gan ta a jikinka.”

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa a gabanta. Wani ya fara dariya, aka ce masa ya rage, don an ga tasa surukar a rumfar Ɗanjuma jiya. Kafin ruwa ya janye a shekarar, in an hango jirage daga tudu ana ganin ɗigon ruwan goro a bayan wasunsu. Ba dukansu ba. Ban san ko rigunan sun ceci wani ba, ba zan ƙirƙira muku labari ba. Bayan ’yan shekaru audugar ta sha ruwa ta ruɓe, Kawu bai samo wasu ba, mutane suka koma yadda suke. Ni dai na san Yaya yana fita da tasa kullum, ina leƙensa ta taga. Daga baya na rubuta wa ’yan kasuwa da yawa takardun talla, na keken ɗinki, na maganin ƙwari, na injin niƙa, kun ga wasu a akwatina. Kowacce sai na je na zauna a rumfar tukuna na ga wa ke taɓa kayan, wa ke da ikon saye, me yake jin nauyin tambaya. Amma ban sake sa kaina a cikin ko ɗaya ba.

Da aka ɗaura aurena da babanku, shekara ɗaya bayan takardar nan, yana koyarwa a wani ƙauye wajen Shanga, a tsallaken ruwa, hanyar mota kuma ta yanke saboda damina. Dole sai ta jirgi. Tun ranar Rakiya ban taka jirgi ba. Inna ta ce ba wanda zai kai ɗiyarta sai mai jirgi, shi kuma bai ce a’a ba. Da muka isa tasha ƙafata ta ƙi, na tsaya a bakin ruwa cikin lulluɓi, ’yan rakiya suna turo ni suna tsammanin kukan amarya ne. Yaya ya fito daga jirgin ya tako cikin ruwa har gabana. Ya kwance rigar da ke jikinsa, ta Gwaggo Dije.

“Ɗaga hannu.”

Maganar farko ke nan da ya yi mini kai tsaye tun ranar tsakar gida. Na ɗaga, ya zura mini ita a kan kayan amarci, ya ja igiyoyin ya ɗaure tam har numfashina ya tsaya. Ina shirin ce masa shi fa, sai ya sunkuyo. Ya ɗauke ni ya sa a tsakiyar jirgi, ya koma wajen inji, ya sa hannu ƙarƙashin benci ya jawo wata, sabuwa, ya sa. Ya bi da mu ta doguwar hanya, ta tsohon kogi, bai yanke ko sau ɗaya ba.

Sai da na zo ganin gida na tambayi Kawu. Ya ce ana saura kwanaki bikin Yaya ya zo rumfa da kansa, ranar kasuwa, mutane suna kallo. Kawu ya ce masa ai yana da ɗaya. Yaya ya ce wannan ta surukarsa ce, zai ba da aro, shi kuma ba ya son ya hau ruwa yarinyar nan tana kallonsa ba riga.

Bai sake kirana Malama ƙarama ba har ya rasu, a kan gadonsa, da furfura. Ban taɓa ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. In wani ya sake ce muku uwarku ta yi talla da ƙanwarta, ba sai kun yi musu ba. Ku ce masa kawunku Garba sai da ya tsufa.